Nomau da Hancin Akori-kurata

Duk wanda ya taɓa jerawa da Nomau a ƙasa ya san ba a sauri da shi. Ba ciwon ƙafa gare shi ba, ƙafarsa ta fi tawa lafiya. Abin da ke akwai, Nomau ba ya wuce guntun tiyo a ƙasa. Ko liman ya hau mumbari kuna jiyo huɗuba daga nesa, in ya hango guntun roba a bakin kwata sai ya ja birki, ya duƙa, ya ɗauka, ya kakkaɓe a cinya, ya lanƙwasa shi kusa da kunne ya ji ko zai tsage. In bai tsage ba sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wanga da sauran rai," ya zura a aljihu. Aljihun nan kuwa kun san shi. Ranar ɗaurin auren ɗiyarsa ta fari ya sa hannu zai ciro goro ya miƙa wa waliyyin ango, sai ga tiyo kamu ɗaya ya biyo hannunsa. Ko a jikinsa. Cewa ya yi da mutumin ya riƙe masa, ya ci gaba da lalube.

Tun safe nake zaune a kan tabarmar nan ina jin ku kuna cewa marigayi mutum ne mai haƙuri, mai sauƙin kai. Jama'a, ku ji tsoron Allah, yau fa kwana arba'in kacal. Kirki na yarda, ya fi ni nesa ba kusa ba. Amma sauƙin kai? Nomau? Ni Mamman taubashinsa ne, shi ɗan gwaggona ne, shekara hamsin da ɗoriya ina ce masa bawana yana ce mani bawansa. In kowa ya rufa masa, ni ina da izinin faɗa, kuma zan faɗa.

Kun san sana'arsa gyaran injin ban-ruwa ce. Daga fadamar Dakko har Bakura, babu mai noman rani da bai taɓa tsugunawa yana jiran Nomau ya gama shan shayi ba. Bai taɓa zama a gareji ba, ba shi da ogan da ya yaye shi. Kuma a wurinsa cuta ɗaya ce a duniya: rashin isar iska. Inji ya ƙi tashi, iska ba ta ishe shi ba. Jariri na kuka, a buɗe taga. Mutum biyu na rigimar iyakar gona, sai ya ce a fitar da su fili su numfasa tukuna. Abin haushin shi ne sau da yawa sai ka ga maganarsa ta yi daidai, ya samu abin yi maka gori na shekara guda.

To, ga yadda ya shigo cikin rayuwar motata. Tsohuwar akori-kurar nan tawa da nake ɗauko shinkafa da albasa daga Dakko zuwa kasuwar Talata a Mafara, wani lokaci in leƙa Maradun, ita ce cinmu ita ce shanmu. Wata rana injinta ya buga, bugun da ba ya gyaruwa. Na yi tunani har na gaji, na kama shanun huɗata guda biyu na kai kasuwa. Da abin da na samu na sayo injin wata bas da ta yi hatsari, Oga Lawali makanike na Mafara ya ɗaura mani shi. Inji kam inji ne, ya fi nawa na da girma da ƙarfi, ya cika bonet taf. Sai dai ya zo ba tukunyarsa ta tace iska, tawa ta da kuma babu inda za a saƙala ta. Ta ainihin sai an aika Kano an nemo, ni kuwa a lokacin aljihuna ya riga ya yi sallama da ni.

Lawali bai ɓoye mani komai ba. Ya ce in na kuskura na bi jar hanyar Dakko da bakin injin nan a buɗe, ƙura za ta shiga ta riƙa goge ringin cikinsa kamar ana wasa wuƙa, kafin damina ta faɗi injin ya zama ƙarfen sayarwa a kilo. Ya nuna mani gwaji ɗaya: duk abin da aka ɗaura, in cire tiyon da ke shiga inji in zura yatsa ciki. In yatsa ya fito da tsabta, alhamdu lillahi. In ya fito ja, in fara neman wata sana'a. Ku dubi halin da nake ciki: shanu sun tafi, mota na tsaye a gareji, yankan shinkafar rani saura mako biyu. In injin nan ya mutu, ba shanu ba mota, ga baki tara a gida.

Ina zaune a kan tsohuwar taya na rafka tagumi sai ga ƙarar babur ɗin nan nasa da ake ji tun daga wata unguwa. Ba wanda ya kira shi. Bai ma gama gaisawa da mutane ba ya ce a tayar da inji. Aka tayar. Ya ɗora tafin hannu a bakin, injin ya zuƙe hannun har ya nemi mutuwa, shi kuwa sai murmushi kamar an yi masa albishir. Ya ce ai wannan injin ban-ruwa ne da ya girma, bambancin kawai shi iska yake ja maimakon ruwa, a bar masa aikin. Lawali ya ɓata rai, ya tambaye shi a wane gareji ya koyi mota.

Nomau ya ce, "Kai ga oga ka koya. Ni ga inji na koya. Wa ya hi sanin inji, oganka ko inji?"

Lawali ya ɗauki butarsa ya tafi alwala, alhali azahar da saura.

Washegari Nomau ya zo da tiyon zuƙo ruwa, mai kaurin nan mai zobe-zobe da ba ya lotsewa komai ƙarfin ja, da tulin robar taya da ya yanka siri-siri don ɗauri. Saura tukunya. Ya ce ba kowace tukunya ba, don ƙarƙashin bonet zafi ne kamar gidan burodi, inji kuwa ba ya son iska mai zafi, sanyayya ce ke sa shi ƙarfi. Ana buƙatar mazubin da zafi ba ya ratsawa. Na ce masa to ya tafi ya ƙero. Ya hau babur ya ɓace, ni ban kawo komai a raina ba.

Ashe gidana ya nufa. Ya yi sallama, ya gaisa da A'i matata gaisuwa mai tsawo har da tambayar kaji, sannan ya ce ni na aiko shi a ba shi babbar kular abincin nan mai fure-fure, wadda uwarta ta sayo mata tun na ɗaki, wadda ba a sauko da ita daga saman kabad sai da sallah. Baiwar Allah ta zaci baƙi na yi a gareji. Ta tashi ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar kuka da man shanu, ta shaƙe kula, ta ɗaure da sabon ɗankwali. Nomau ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. A hanya ya sami inuwar wata tsamiya, ya zauna ya cinye tas shi kaɗai, ya wanke kula a magudanar ban-ruwa. Ko da na dawo daga masallaci na tarar ya gasa ƙarfe a wuta ya huda mata ƙofa biyu, ɗaya a gindi ɗaya a gefe, har ya soma cusa tiyo.

Kwana bakwai A'i ba ta ce mani ko sannu ba. Ran na takwas Nomau ya zo da kansa, na ce to, yau dai zai ba da haƙuri. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ya zo ne ya faɗa mata gaskiya don zumunci: miyar ranar nan gishiri ya yi mata kaɗan. Allah ya taimake shi muciya ce a hannunta ba taɓarya ba.

Kula ta zauna daram a gefen inji, murfinta na murɗawa ya rufe ruf. Saura abin da zai tare ƙura a ciki. Ya yanko soson tsohuwar katifa, ya ce sai an jiƙa shi da mai ƙura ta riƙa mannewa. Lawali, wanda zuwa lokacin ya daina fushi ya koma kallo, ya ce wannan gaskiya ne, ya miƙo baƙin mai. Nomau ya ture. Ya ce shi Lawali zai yarda a shafa masa baƙin mai a hanci? Abin da mutum ba zai shaƙa ba ba za a ba inji ba. Ya je wurin mata masu ƙuli-ƙuli ya sayo man gyaɗa, ya tsoma soson ya matse.

Bakin shan iska kuma ya ce ba zai bar shi a ƙasa ba inda tayoyi ke tayar da ƙura. Ya sa mai walda ya huda gefen motar, ya fito da farin bututun ban-ruwa, ya bi da shi ta gefen gilashi har ya zarce rufin direba. A can sama ya kifa tsohuwar butar roba da ya yanke wa gindi, ya juya bakin baya don ruwan sama da fara. Tun daga ranar aka daina ce wa motata akori-kurar Mamman, aka koma ce mata Mai Hanci. Ku ma da ke zaune nan kun faɗa, kar wanda ya sunkuyar da kai.

Sai gwajin yoyo. Ya ce ko ƙofar allura ce a mahaɗa, ƙura za ta bi ta nan. Ya aro kaskon turaren wuta na Kulu matarsa, aka tayar da inji, ya riƙa zagaya motar yana kara hayaƙin a kowane ɗauri, inda ya ga hayaƙi ya shige ciki sai ya ƙara naɗa roba. Ranar kuwa Talata ce, gari cike. Mutane suka taru suna kallon dattijo da gemu yana turara mota yana magana ƙasa-ƙasa, ba su san zagin roba yake ba. Wani Bafillace ya turo babur ɗinsa ya ce don Allah Malam a yi wa nasa, kwana uku yana masa gardama. Nomau bai ce masa a'a ba. Ya zagaya babur da kasko sau uku, ya sa mutumin ya juya baya ya rufe ido, ya cire fulogi ya goge ya mayar. Shuri ɗaya babur ya tashi. Har bara mutumin nan yana kawo masa nono.

Muka fita hanya. Wallahi motar ta ja, kaya a bayanta har sama amma tana hawa tudu ba nishi. Illa ɗaya: da inji ya yi zafi sai ƙamshin suya ya tashi. Na shigo tashar Bakura mutane na waige-waige suna neman mai ƙosai. Wannan duk da sauƙi. Nomau ya kafa mani doka, wai duk inda na ajiye mota in buɗe bonet in kwance murfin kula, ita ma ta huta. Na bi doka don na gaji da musu. Ran nan na fito da hantsi zan ɗora albasa, sai na ga akuyar liman tsaye da ƙafafun gaba a kan bamba, kanta cikin kula, tana lasar baki. Ko ɓurɓushin soso ba ta bari ba.

Na rasa kasuwar ranar. Nomau kuwa bai damu da ni ba, akuya ya bi. Kwana biyu yana zarya gidan liman yana duba ta, har liman ya fara zargin ko saye yake so. Da ya ga ta tashi garau sai ya zo ya same ni da fara'a, ya ce in gode wa Allah, wannan shaida ce kayan da ya sa mani masu kyau ne, da baƙin man Lawali ne da yanzu muna biyan akuya.

Daga nan ne dariya ta soma ƙarewa a wajena. Wani soson da muka samu ya tsufa, yana marmashewa, Lawali ya ce in ɓurɓushinsa ya shige inji ya fi ƙura illa. Nomau ya koma tufafi. Ya naɗa buhun algarara a jikin ragar waya ya sa cikin kula. Na yi sawu biyu, na cire tiyo na zura yatsa, ya fito ja. Nomau ya ce buhu ya cika sakwa-sakwa, ya kawo sabuwar atamfa mai kauri ya ninka. Wannan ita kuma ta toshe numfashin gaba ɗaya. Muna hanyar Maradun da la'asar sakaliya, shi yana gefena, motar ta fara shiƙa, ta yi tari, ta mutu a tsakiyar daji. Kun san wurin, kun kuma san shekarun nan ba wanda ke son tsayawa a nan ko fitsari ne ya matse shi. Ba mota gaba ba mota baya. Na fizge atamfar na jefar, muka taho da kula ba komai a ciki, ƙura na shiga ina ji a raina kamar ni take shiga wa.

Da muka iso na zura yatsa. Ja wur. Lawali ya duba, ya saurari inji, ya ce har yanzu da rai, amma in aka sake irin wannan sau ɗaya kar in kawo masa, in wuce wurin 'yan gwangwan kai tsaye.

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Tsakanin taubasai zagi ba komai ba ne, kullum muna yi. Amma ranar ba wasa na yi ba, shi ma ya san ba wasa ba ne. A gaban mutane na ce masa shi mai tsince-tsincen bola ne, ya mayar da abincin 'ya'yana abin gwaji, in injin nan ya mutu shi ya kashe ni. Na jira ya rama. Tunda nake da Nomau ban taɓa faɗa masa ɗaya bai mayar da uku ba. Ranar kuwa sai ya tura babur ɗinsa ya yi nisa kafin ya tayar.

Da safe ina zaune a zaure ina tunanin wanda zai ɗauke ni lebura, sai ga shi da ƙunshi a hammata. Ya zauna, muka gaisa kamar ba abin da ya faru, ya kwance ƙunshin a kan tabarma. Farin yadi ne, auduga zalla, mai laushi, saƙarsa a matse amma ba kauri, yana ƙamshin kafur da zaman akwati. Kallo ɗaya na gane shi. Likkafaninsa ne. Ya saye shi tun shekarar da ya yi doguwar jinya, kuma in ban da shi ban san wani abu sabo fil da Nomau ya taɓa saye da hannunsa ba.

Na ce masa ya naɗe kayansa ya mayar, ban yarda ba, wannan ba abin wasa ba ne.

Ya ce, "Mi ne na wasa? Ni ba yau zan mutu ba, in Allah ya so. Injinka yau zai mutu."

Na ce in kuma Allah bai so ba fa?

Ya ce, "To ka huta da ni. Miƙo almakashi, bawana."

Ya yanki kamu biyu. Ya zauna ya yi masa ninki-ninki kamar mafici, ya zagaye ragar waya da shi, ya ɗinke da zaren buhu, ya ɗaure sama da ƙasa da roba. Da ya zo wajen mai sai na ga ya ciro 'yar kwalbar baƙin mai daga aljihu ya ɗiɗɗiga kaɗan. Na ce ashe dai maganar Lawali ce gaskiya. Ya ce sam, shi ba daga Lawali ya koya ba, daga akuya ya koya.

Na yi sawu uku a ranar, Dakko zuwa Mafara, a jar hanya, bayan manyan motoci. Da yamma na tsaya ƙofar garejin Lawali na cire tiyo, na kasa zura yatsan, sai Lawali ne ya zura nasa. Ya fito da shi ya ɗaga sama. Tas, ko ɗigo. Ya sake zurawa har iya tsawon yatsa ya murza, ya fito tas. Na zauna a ƙasa a wurin. Nomau kuwa yana can gefe ya tsinci wani guntun tiyo yana lanƙwasawa a kunne.

Yadin nan ana wanke shi da sabulu a shanya a mayar, amma bayan 'yan watanni yakan gaji. Duk lokacin da ya gaji sai ga Nomau da wani sabon yanki a aljihu. Da na farfaɗo na je na sayo masa farin yadi na kai masa in maye gurbin nasa. Ya murza tsakanin yatsu, ya ce wannan leda ce aka yi wa fenti, ya miƙa wa Kulu ta yi rigar filo. Na sake sayo wani, shi ma ya zama labule. Da na samu hali sosai, har na mayar da shanun huɗa, na ce to yanzu zan aika Kano a kawo tukunyar ainihi a cire kular A'i. Ya rantse in na cire ba zai ƙara shiga motata ba, kuma ba zai zo sunan jikana ba. Na san zai aikata, na bari. Haka muka yi shekara huɗu, injin nan ko ringi ba a taɓa canja masa ba, ni kuma na daina tambayar nawa ya rage a akwati, don ba na son jin amsar.

Ciwonsa na ƙarshe bai yi mako ba. Ranar Litinin na je gaishe shi yana ta faɗa wai an rufe masa taga. Talata da sassafe aka aiko ya cika.

Masu wanka sun shiga, an aika a haƙa kabari, sai aka ce Kulu na kirana. Na tsaya a bakin ɗakinta, tana daga bayan labule. Ta turo mani akwatinsa da ƙafa. Na buɗe. Abin da ya rage na likkafanin bai kai faɗin sallaya ba, gefensa duk tabon almakashi. Muryarta a dishe ta ce ya bar mani saƙo tun shekaranjiya, ya sa ta maimaita har sau biyu don kar ta rage.

"Ya ce a hwaɗa ma Mamman shi tahi Mafara shi sayo, tunda motatai ta shaƙe nawa. Kuma kar shi sayo leda. Shi sa yadin ga baki shi busa, in iska ba ta wuce ba kar shi biya."

Sai na ji ta yi dariya a bayan labulen, dariyar ta juye kuka.

Ban taɓa gudu da Mai Hanci irin na ranar ba, ita ma ba ta ba ni kunya ba. Na shiga rumfar masu yadi kasuwa na ci, na ce farin yadi na sutura. Mai rumfa ya yi mani ta'aziyya ya sauko da bandir. Na kama gefe na kara a baki na busa. Ba ta wuce ba. Na ce a kawo wani. Ya dube ni, ƙato da furfura, hawaye na bin gemu, ina hura masa kaya. Na busa na biyu, shi ma leda. Mutumin ya fara matsawa baya yana waigen maƙwabcinsa. Na yi masa nuni da hannu ya kawo wani. Sai ya shiga can ciki ya jawo wani tsohon bandir da ƙura a bakinsa, ya ce wannan ya daɗe, ba a cika nemansa ba. Na ɗora tafin hannuna a baya na busa, na ji iska mai ɗumi ta taɓa hannuna. Na ce ya yanka, kuma ya ƙara kamu biyu a kan abin da ake yanka wa kowa.

Kafin azahar muka kai shi. Ni na shiga ramin na karɓe shi, ba shi da nauyi ko kaɗan.

Ya Allah, bawan nan naka ya ɗauki abin da ya tanada don rufe jikinsa ya yayyanka don 'ya'yana su ci abinci, washegarin ranar da na ci mutuncinsa a gaban jama'a, bai kuma taɓa tuna mani ba. Ban nemi gafararsa ba, na ɗauka da sauran lokaci. Ka yafe mani, ka yafe masa. Ka rufa masa asiri ranar da ba mai rufawa sai kai, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, ka ba Kulu da 'ya'yansa haƙuri. Mu shafa Fatiha.